Ruwan ƙazantar ƙananan garuruwa: ana samun mai gina matatar ruwa, ba a samun mai riƙe ta

Duk garin da aka ja wa ruwan famfo, an ɗora masa wani aiki na biyu wanda ba a cika ambatonsa ranar bikin buɗe famfon ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ya shiga gida sake fitowa yake yi, ta banɗaki da makewayin wanka da wurin wanke-wanke, ɗauke da abin da bai shiga da shi ba. Dole ya nufi wani wuri. A babban birni akwai hukuma, akwai injiniyoyi, akwai dubban ɗaruruwan gidaje da za a raba wa nauyin kuɗin. A garin da mutanensa ba su wuce 800 ko 3,000 ko 8,000 ba, ruwan nan iri ɗaya ne da na birni, cutar da ke cikinsa ɗaya ce, sau da yawa ma dokar da ke kansa ɗaya ce, amma aljihun da zai biya ƙarami ne ƙwarai.

Alƙaluman duniya sun nuna girman abin. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ruwa na shekarar 2017 ya ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ruwan ƙazantar duniya ana sakinsa ne ba tare da tacewa ba. Ƙididdigar da ta biyo baya, wadda ta tsaya kan ruwan gidaje kawai, ta nuna cewa a 2022 kashi 42 cikin 100 bai samu tacewar da ta dace ba. A wannan shekarar mutum biliyan 3.5 ba su da tsarin bahaya mai tsafta daga farkonsa har ƙarshensa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta danganta mutuwar mutum miliyan 1.4 a 2019 da rashin tsaftataccen ruwa da tsaftar muhalli da ta jiki. Ƙasashen duniya sun yi alƙawari a 2015 cewa kafin 2030 za su rage yawan ruwan da ba a tacewa da rabi. Sai dai manyan alƙaluma irin waɗannan suna ɓoye wani abu: ci gaban da ake samu a manyan birane yake taruwa, domin a can ne dala ɗaya take isa ga mutane da yawa, a can ne kuma idon jama'a yake.

Kafin maganar kuɗi, ya kamata a san me ake cirewa daga ruwan. Ruwan ƙazantar gida kusan kashi 99.9 cikin 100 ruwa ne zalla. Ɗan ragowar nan ne masifar, kuma ɓarnarsa iri uku ce. Akwai ƙwayoyin cuta: na kwalara, na taifod, na gudawar da ke kashe yara, da ƙwayayen tsutsar ciki waɗanda ke iya yin watanni a ƙasa ba su mutu ba. Akwai ruɓaɓɓen abu, wato bahaya da ragowar abinci da maiƙo, wanda idan ya shiga kogi ƙwayoyin bakteriya za su far masa, su kuma shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan wajen cinsa, har kifi ya rasa abin shaƙa. Masana suna auna ƙarfin ƙazantar ne da yawan oksijin da za ta ci, kuma a dokar Turai ana lissafa giram 60 a kullum ga kowane mutum ɗaya. Sannan akwai sinadaran naitirojin da fosfaras. Su taki ne a gona, amma a tafki suna haifar da gansakukar da ke rufe ruwa ta shaƙe shi, a rijiya kuma naitiret ɗin da ya wuce miligiram 50 a kowace lita haɗari ne ga jarirai.

Kada a ɗauka ƙanƙantar wuri tana rage haɗarinsa. Annobar kwalarar da ta ɓarke a Haiti a watan Oktoba na 2010 ta faro ne daga ƙazantar sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya guda ɗaya, wadda ta malala cikin wani rafi da ke zuba a kogin Artibonite. Mutum sama da dubu 800 suka kamu, kusan dubu 10 suka rasu, kuma a Disamba 2016 babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Ban Ki-moon, ya nemi gafarar mutanen ƙasar. Yawan mutanen sansanin bai kai na ƙauye mai girma ba.

Tacewar kanta mataki-mataki ce. Da farko a tare tarkace da raga, a bar yashi ya kwanta. Sai a tsayar da ruwan a tanki, mai nauyi ya nutse ya zama laka, maiƙo ya taso a kwashe. Daga nan a miƙa shi ga bakteriya su cinye abin da ya narke a ciki. A ƙarshe, idan hali ya yi, a kashe ƙwayoyin cuta da sinadarin kulorin ko hasken fitila na musamman ko zafin rana. Hanyar da ta mamaye manyan birane ita ce wadda Edward Ardern da William Lockett suka fito da ita a Mancesta ta Ingila a 1914: a riƙa hura iska cikin tanki dare da rana don bakteriya su yawaita, a kuma riƙa maido da wani ɓangare na lakar cikin tankin. Tana aiki sosai, ba ta cin fili. Amma hura iskar kaɗai yakan cinye kusan rabin wutar lantarkin matata ko fiye, kuma bakteriyar rayayyu ne. In wuta ta ɗauke ta daɗe, sai su mutu, ruwan ya fita kusan yadda ya shigo, a yi kwanaki ko makonni kafin a farfaɗo da su.

To me ya sa abin ya fi tsada ga ƙaramin gari? Amsar tana cikin bututu. A tsarin da ake haɗa gidaje da magudana, bututun ƙarƙashin ƙasa ne ke cinye mafi yawan kuɗin gini, ba matatar ba. A ce za a shimfiɗa bututu kilomita ɗaya. Haƙa ɗaya ce, bututu ɗaya ne, lada ɗaya ce, ko gida 400 ne a kan layin ko gida 25. A unguwa mai cunkoso gida 400 ne za su raba kuɗin. A garin da gidaje ke warwatse, kowane gida zai ɗauki ninki 16 na abin da ɗan birni ya ɗauka, alhali galibi samunsa bai kai na ɗan birnin ba. In ƙasar ba ta da gangara kuma, sai an kafa injin tura ruwa a kan hanya, kowane inji da wutarsa da gyaransa.

Haka lissafin yake a cikin matatar. Ma'aikacin da ya san aikin albashinsa ba ya raguwa don garin ƙarami ne. Gwajin ruwa a ɗakin bincike farashinsa ɗaya. Takardun da hukumar muhalli ke buƙata ba sa raguwa. Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: ƙaramar matata ba ta da juriya. A birni, in wata masana'anta ta zubo abu mai ƙarfi, ruwan miliyoyin mutane zai sirka shi. A ƙaramin gari mayanka ɗaya, ko makarantar kwana da ta dawo hutu, ko ruwan sama mai ƙarfi da ya kutsa ta tsagar bututu, ya isa ya rikita matatar baki ɗaya.

Nan ne zan daɗe, domin a ganina nan ne tushen matsalar. Kuɗin wannan aiki iri biyu ne, kuma masu ba da kuɗi ɗaya kawai suke so. Akwai kuɗin gini, wanda ake kashewa sau ɗaya, a ga abu a tsaye, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, a rubuta a rahoto cewa an yi wa mutum kaza aiki. Akwai kuma kuɗin riƙo: wutar kowane wata, albashi, man inji, sinadarai, kwasar laka, da kuɗin da ya kamata a riƙa tarawa don ranar da inji zai gama rayuwarsa. Bututu yakan yi shekara 50 ko fiye, amma injin tura ruwa da na hura iska da kayan wuta ba su cika wuce shekara 15 zuwa 20 ba. Idan aka tara kuɗin riƙo na tsawon rayuwar matata mai injuna, yakan kai kuɗin ginin, wani lokaci ya zarce shi. Gwamnatoci da masu tallafi sukan biya na farko, su bar wa garin na biyun. Kamar a ba mutum kyautar doki ne, a tafi ba a tambayi inda zai samo harawa ba.

Yadda irin wannan matata ke mutuwa kusan ɗaya ne ko'ina, kuma a hankali take mutuwa. An gina ta da injin tura ruwa biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Na farko ya lalace, aka kunna na biyu, aka ce za a gyara wancan in kuɗi ya shigo. Kuɗi bai shigo ba, sai ma aka cire wani ƙarfe daga mataccen aka sa wa mai rai. Takardar kuɗin wuta ta yi nauyi, sai aka fara kashe injin iska da dare. Laka ta taru don ba a biya motar kwasa ba, tankin da aka gina don ya riƙe ruwa awa takwas ya koma riƙe shi awa biyu. Ma'aikacin da aka horar ya samu aiki mai tsoka a birni ya tafi, aka bar mai gadi da makulli. Ran da inji na biyu ya tsaya, babu zaɓi sai a buɗe bututun kewaye, ruwan ya wuce kogi kai tsaye. Daga waje ginin na nan da fentinsa da allon sunansa. A ƙididdigar ƙasa ma garin yana cikin masu matata. Kuma halin da ake ciki ya fi na da muni ta wata fuska, domin ƙazantar da a da take warwatse a ramuka ɗari-ɗari, yanzu an tattara ta ana zubawa a wuri ɗaya.

Daga ina kuɗi zai fito? Masana tattalin arzikin ruwa, musamman na OECD, wato ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, sun daɗe suna cewa tushe uku ne kawai: abin da masu amfani ke biya, harajin gwamnati, da tallafin da ke zuwa daga waje. Rance ba tushe na huɗu ba ne. Yana kawo kuɗin gobe ne zuwa yau, kuma da ɗaya daga cikin ukun nan za a biya shi. Wannan magana mai sauƙi ce, amma da yawa daga shirye-shiryen da ake tallatawa da sunan sabuwar dabarar samar da kuɗi suna tafiya ne kamar ba su san ta ba.

Tarihin Amurka ya nuna abin a fili, ga shi kuwa ƙasa ce mai arziki. Dokar tsaftar ruwa ta 1972 ta sa gwamnatin tarayya ta riƙa biyan har kashi 75 cikin 100 na kuɗin gina matatu a matsayin kyauta, aka kashe fiye da dala biliyan 60 a wannan shiri, koguna da dama suka farfaɗo. Daga baya aka rage kason zuwa 55. A 1987 aka sauya tsarin gaba ɗaya: maimakon kyauta, kowace jiha ta samu asusu mai juyawa, tarayya ta zuba kuɗi, jiha ta ƙara kashi 20 cikin 100, a ba garuruwa rance mai sauƙin ruwa, abin da suka biya a sake ranta wa wasu. Dabara ce mai kyau, kuma ta yi aiki ga wanda zai iya biyan bashi. Amma garin mutum 600 wanda yawancinsu tsofaffi ne da masu ƙaramin ƙarfi, ko rance marar ruwa ne ya fi ƙarfinsa. Kafin ma a kai ga rancen, sai an kawo rahoton injiniya, da binciken tasiri ga muhalli, da littafin kuɗi da aka tantance. Babban birni yana da ofishi guda na masu rubuta irin waɗannan takardu. Ƙaramin gari yana da akawu ɗaya da ke haɗa aiki uku. Shi ya sa kuɗin da aka ware don mabuƙata yakan ƙare a hannun waɗanda suka iya cike fom. Dokar gina ababen more rayuwa ta 2021 ta yi ƙoƙarin gyara wannan: ta ƙara dala biliyan 11.7 a asusun, da sharaɗin kashi 49 cikin 100 ya tafi a matsayin kyauta ko bashin da za a yafe. Sai dai binciken buƙatu na 2022 na hukumar kare muhallin ƙasar ya ƙiyasta cewa ana buƙatar dala biliyan 630 cikin shekara 20.

Wanda yake son ganin ƙarshen wannan layi, ya dubi gundumar Lowndes a jihar Alabama. Kusan gida ɗaya cikin biyar a Amurka ba ya haɗe da magudanar gari, tankin ƙasa yake amfani da shi, wanda ke tsiyayar da ruwa cikin ƙasa. A Lowndes ƙasar yumɓu ce mai ƙarfi da ba ta shan ruwa, don haka tankin gama-gari ba ya aiki, na musamman kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin mazauna wurin, waɗanda galibinsu baƙaƙen fata ne matalauta. Sai mutane suka koma jan bututu daga banɗaki zuwa bayan gida, ƙazanta ta kwanta a fili inda yara ke wasa. Wani ƙaramin bincike da aka wallafa a 2017 ya samu alamar tsutsar ciki mai shan jini a fiye da kashi ɗaya cikin uku na samfurin bahayan mutane da aka gwada. Doka kuma ta tanadi tara, har da gurfanarwa a kotu, ga wanda ba shi da tanki mai lasisi. Wato talauci ya zama laifi. Catherine Coleman Flowers, 'yar yankin, ta shafe shekaru tana fafutuka a kan wannan. A 2023 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta cimma yarjejeniya da hukumar lafiyar jihar cewa a dakatar da hukunta waɗanda ba su da halin gyara, amma a 2025 sabuwar gwamnati ta soke yarjejeniyar.

Rabin maganin yana wajen zaɓen fasaha, kuma a nan ƙaramin gari yana da abin da birni ba shi da shi, wato fili. Tafkunan tacewa su ne misali mafi tsufa. Ruwan yana shiga tafki mai zurfin mita 2 zuwa 5 inda laka ke kwanciya ta ruɓe, ya wuce na biyu mai faɗi marar zurfi inda gansakuka ke samar da oksijin da hasken rana bakteriya su yi amfani da shi, ya ƙare a na uku inda rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Ba inji, ba wuta, sai lokaci, domin ruwan yakan yi makonni a hanya. Ƙwayayen tsutsa suna nutsewa ƙasa, abin da matata mai injuna ba ta cika yi da kyau ba. A ƙasashe masu zafi tafkunan sun fi aiki. Aibinsu shi ne cin fili, da wari in an yi musu lodi fiye da kima, da sauro in an bar ciyawa ta cinye bakinsu.

Faransa ta bi wata hanyar don ƙauyukanta, kuma yau tana da dubban matatu na ciyayin fadama. Tunanin ya samo asali ne daga binciken Käthe Seidel a Jamus a shekarun 1950. Ana haƙa fage a shimfiɗa leda, a cika da tsakuwa da yashi, a dasa ciyayi masu dogon kara. Ana kwararo ɗanyen ruwan ƙazanta a saman fagen, ya tsiyaya ƙasa, bakteriyar da ke manne da tsakuwa da saiwoyi su cinye dattin. Ana raba fagen gida-gida, wannan ya sha ruwa 'yan kwanaki, a bar shi ya huta a koma wancan. Kusan murabba'in mita 2 ake lissafa wa kowane mutum, lakar da ke taruwa a sama kuma sai bayan shekara 10 zuwa 15 ake kwashe ta, ta riga ta zama kamar taki. Aikin mai kula da ita bai wuce zuwa sau ɗaya ko biyu a mako ba, ya share raga, ya juya bawul, ya duba ciyayi. Irin wannan aiki mutumin garin zai iya koya, kuma ba zai gudu da shi birni ba.

Wani lokaci ma amsar ita ce kada a shimfiɗa bututu sam. Inda gidaje ke nesa da juna, tankin ƙasa ko masai mai kyau ya wadatar, da sharaɗi guda: a riƙa kwashewa, kuma a san inda ake kai abin da aka kwashe. Wannan sharaɗin ne ake yawan tsallakewa. Mai gida ba ya kiran motar kwasa sai rami ya cika ya fara ambaliya, direban kuma in babu wurin zubarwa kusa, rafi mafi kusa zai nufa. Japan ta ɗauki abin da muhimmanci: tankunanta na gida da ake kira johkasou ƙananan matatu ne sosai, kuma dokar 1983 ta wajabta duba su, da kwashe lakarsu, da binciken hukuma kowace shekara. Faransa ta ɗora wa ƙananan hukumominta aikin duba tankunan gidajen da ba su kan magudana tun dokar ruwa ta 1992. A Indiya, garin Devanahalli kusa da Bengaluru ya buɗe matatar lakar masai a 2015, wadda ke karɓar lita 6,000 a rana, tana aiki da gangara da hasken rana da ciyayi. Kuɗinta ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da na haƙa magudana a garin duka.

Inda gidaje suka matsu kuma, ana iya rage kuɗin bututun kansa. Injiniya José Carlos Melo ya fara wani tsari a Natal ta Brazil a farkon shekarun 1980: bututu siriri, marar zurfi, da ke bi ta bayan gidaje ko gefen hanya, maƙwabta su haɗu a layi ɗaya kafin a sada su da babban bututu. A wurare da dama ya rage kuɗin da kusan rabi, har babban birnin ƙasar, Brasiliya, ya rungume shi. A Orangi da ke Karachi ta Pakistan, shirin da Akhtar Hameed Khan ya kafa a 1980 ya nuna cewa talakawa za su biya bututun layinsu da kansu in an ba su zane da horo: dubun-dubatar gidaje suka yi hakan da kuɗinsu. Amma darasin Orangi yana da gefe na biyu da masu yabonsa kan manta. An raba aikin ne gida biyu, na cikin unguwa na jama'a, babban bututu da matata na gwamnati. Jama'a sun yi nasu, na gwamnati ya yi ta jan ƙafa, ƙazantar ta ci gaba da bin kwazazzabai zuwa teku. Mutum zai biya don a fitar da ƙazanta daga ƙofar gidansa. Tace ta bayan ta bar unguwarsa, wannan wani lissafi ne daban.

Wannan shi ne dalilin da ya sa ban yarda da masu cewa kowane gari ya ɗauki nauyin matatarsa ɗungurungum daga aljihun mazaunansa ba. Amfanin tacewa ba ga mai zubarwa yake komawa ba, ga na ƙasan kogi yake zuwa: garin da ke ɗiban ruwan sha a gaba, masunci, manomin rani, asibitin da gadajensa ba za su cika da masu gudawa ba. Wani nazari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2012 ya ƙiyasta cewa kowace dala ɗaya da aka sa a tsaftar bahaya tana dawo da dala 5.5, amma wannan riba ba ta shiga asusun ƙaramar hukumar da ta kashe kuɗin. Tana warwatsuwa ne cikin al'umma. Abin da amfaninsa na kowa ne, daidai ne kowa ya sa hannu a kuɗinsa. Ba ina cewa mazauna gari kada su biya komai ba. Ya kamata su biya, gwargwadon ƙarfinsu, kowane wata, domin abin da ba a biya ba a tambayar lafiyarsa. Amma giɓin da ke tsakanin ƙarfinsu da ainihin kuɗin riƙo, dole a san wanda zai cike shi tun kafin a sa harsashi, a rubuce, shekara bayan shekara.

Akwai ƙasashen da suka gina wannan cikin tsarinsu. Dokar ruwa ta Faransa ta 1964 ta raba ƙasar bisa manyan koguna, ta kafa hukumomi shida da ke karɓar kuɗi daga duk mai ɗiban ruwa ko mai gurɓata shi, su mayar da kuɗin ga ayyukan tacewa a yankin kogin, har da na ƙauyuka. A Sikotland an haɗe hukumomin ruwa uku a 2002 suka zama kamfanin gwamnati guda, farashi ya zama bai ɗaya, mazaunin tsibiri mai nisa ba ya biyan ninkin na mazaunin Gilasgo duk da cewa yi masa aiki ya fi tsada. Malesiya ta karɓe aikin magudana daga yawancin ƙananan hukumomi a 1994 ta damƙa wa kamfani ɗaya, Indah Water, wanda gwamnati ta mallake a 2000. Tarayyar Turai, wadda dokarta ta 1991 ta shafi garuruwa masu mutum 2,000 zuwa sama, ta sabunta dokar a 2024 ta sauko da iyakar zuwa 1,000, da wa'adin 2035. Ta kuma ɗora wa kamfanonin magunguna da na kayan kwalliya aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin cire ragowar sinadaransu daga ruwa. Ko ba a kai ga haɗewa irin wannan ba, garuruwa biyar ko goma za su iya ɗaukar ƙwararren ma'aikaci ɗaya mai zagayawa, su sayi motar kwasa ɗaya, su ajiye injin ko-ta-kwana ɗaya, su ɗauki mai rubuta takardun neman tallafi ɗaya.

Sayar da abin da matata ke fitarwa, wato ruwan ban-ruwa da taki da iskar gas, yana taimakawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin amfani da ruwan da takin lafiya a 2006. Dausayin gabashin Kolkata a Indiya ya daɗe yana mayar da ƙazantar birnin abincin kifi. Amma a ƙaramin gari kuɗin da ake samu ta nan ba ya cika rufe kuɗin riƙo, kuma wanda ya gina kasafinsa a kan cinikin taki zai sha mamaki.

Haɗewar ma tana da nata haɗarin, kuma masu tsoronta ba su yi kuskure ba. Idan ƙaramin gari ya miƙa matatarsa ga babbar hukuma mai hedikwata a nesa, zai iya zama na ƙarshe a layin gyara, a ƙara masa farashi ba a tambaye shi ba, ya rasa wanda zai kai wa kuka. Don haka yarjejeniyar haɗewa tana buƙatar abubuwa a rubuce: kujerar ƙananan garuruwa a majalisar gudanarwa, iyakar kwanakin da za a ɗauka kafin a zo gyara, rangwame ga gidajen da ba su da hali, da wallafa sakamakon gwajin ruwan kowace matata inda mazauna garin da na ƙasan kogi za su iya gani. Hukumomin muhalli su ma suna da abin gyarawa. Sa wa ƙauyen mutum 900 ma'aunin da aka tsara don birnin miliyan 5 yakan tilasta masa sayen injunan da ba zai iya riƙewa ba, alhali tafki ko fagen ciyayi da zai cire kashi 85 ko 90 cikin 100 na dattin kowace rana, shekara da shekaru, ya fi wa kogin amfani nesa ba kusa ba. Ana iya fara wa gari da ma'aunin da zai iya cikawa, a tanadi fili tun farko don faɗaɗawa, a tsaurara ma'aunin sa'ad da mutanensa da kuɗin shigarsa suka ƙaru.